Hatimi a Sakatariya, Sani a Zauren Dagaci: Yadda Ikon Ƙasa Ya Rabu Biyu a Gaya da Ajingi

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta na ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, zancen da ake yi a kansu bai wuce na kuɗi ba: nawa ne zai shigo, wa zai sa hannu, yaushe gwamnoni za su sakar musu mara. A cikin wannan hayaniya an manta da wani iko da doka ta damƙa wa ƙaramar hukuma tun 1978, wanda ba ya jiran alƙali ko akanta. Duk ƙasar da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba, kula da ita da rabonta suna hannun ƙaramar hukumar da take ciki. Ita ke ba da izinin noma da na kiwo da na gina gida, kuma sai da yardarta ake sayar da gona ko a jinginar da ita. Haka dai yake a rubuce.

A Gaya da Ajingi kuwa, abin da ke rubuce da abin da ake yi sun daɗe da raba gari. Ka sami wanda ya sayi gona a Kademi ko Toranke, ko fuloti a bayan garin Gaya, ka ce ya nuna maka shaidarsa. Galibi takarda guda zai zaro daga cikin adaka, ɗauke da sunan mai sayarwa da na mai saye, da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, da shaidu, sannan sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta san da cinikin ba, shi ma mai gonar bai ga dalilin sanar da ita ba. Wannan kuwa a yankin da ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum dubu 201 da 'yan kai a kan murabba'in kilomita 613, ta ba Ajingi dubu 174 a kan 714. Yau, bayan kusan shekara ashirin, mutanen sun ƙaru ƙwarai, ƙasar kuma tana nan yadda take.

Duk shugaban ƙaramar hukumar da ya ce zai zauna ya duba wa aka ba izinin me, ina aka keɓe don kasuwa, ina ne burtali, ina ne maƙabarta, zai fara cin karo da tambaya guda: ina littafin da zai duba? Ra'ayina shi ne littafin ya ɓace ne a cikin shekara uku kacal, tsakanin 1976 da 1979, kuma abin da ya ɓatar da shi ba shi ne abin da aka fi zargi ba.

Tarihin farko ba zai tsayar da mu ba. Kowane ɗan Gaya ya san labarin maƙeran Abagayawa, da maƙerin nan mai suna Kano da aka ce ya taso daga Gaya neman tama har ya yada zango a gindin Dala. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ce Sarki Naguji ne ya fara karɓar kuɗin ƙasa, kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona. Ya ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarkin Kano Yakubu a ƙarni na 15. Ya kuma kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya hana Sarkin Kano Dadi haraji har shekara uku, aka yaudare shi aka kashe shi. Jikansa ta wajen 'yarsa Maryama, wato Muhammadu Sharefa, shi ya gaji sarautar Kano a 1703, kuma abin da aka fi tuna shi da shi ƙirƙiro sababbin haraji. Abin lura a duk wannan shi ne, kusan duk inda ƙasa ta fito a labarin sarakunan nan, tare da haraji take fitowa. Sarki ya san gona ne domin akwai abin da yake jira daga gare ta.

Bayan jihadi aka sami rubutacciyar ƙa'ida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Kano har ya rubuta wa jama'arta Liya'ul Hukkami, yana da wani ɗan littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a matacciyar ƙasa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sare daji ya raya shi ya mallake shi, amma idan wurin yana kusa da gari sai da izinin shugaba. Gari yana da huruminsa, inda ake itace da kiwo, ba mai shinge shi ya ce nasa ne. Rijiya ma tana da nata hurumin. Shugaba yana iya yanka wa mutum ƙasa, yana kuma iya keɓe wuri don amfanin jama'a.

Masu ganin tsara amfani da ƙasa baƙon abu ne da ya zo da digiri su dubi tsohon garin Hausa da kyau. Marina da majema suna da wurinsu saboda wari da ruwan da suke zubarwa. Maƙera suna da unguwarsu. Akwai filin Idi, akwai maƙabarta, akwai kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini wanda kuma shi ke shanye ruwan damina. Burtali yana ratsa gonaki daga rugga zuwa mashaya, an yi masa shinge hagu da dama. Ba a zana taswirar ko ɗaya ba, amma duk wanda ya ci burtali da garma ya san gobe zai gurfana a gaban dagaci, ga ardo a zaune yana jiransa. Baƙo idan ya zo neman wurin noma, mai unguwa ke kai shi ga dagaci, a nuna masa saura ko gonar wanda ya yi ƙaura, ya kai gaisuwa, daga nan kuma sunansa ya shiga cikin masu biyan kuɗin ƙasa. Hannun da ke ba da gonar shi ne hannun da ke karɓar harajinta.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don ya binciki yadda ake riƙe ƙasa a Arewa, a zamanin Gwamna Percy Girouard. Jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwar Turawa ne suka yi ta ba da bayani a kan gonakin mutanen da ba a gayyata ba. Girouard da jami'insa Charles Temple sun sha karatun Henry George, Ba'amurken nan da ke ganin bai kamata wani ya mallaki ƙasa ya ci ribar tsadarta shi kaɗai ba. Da wannan tabarau suka dubi ƙasar Hausa, suka ce ai mutanen nan ba su san mallakar ƙasa ba sam, ba sa saye ba sa sayarwa, ƙasa ta jama'a ce sarki ke riƙe da ita, kuma tun da an ci sarki da yaƙi, riƙon ya koma hannun Gwamna. Daga nan aka haifi dokar 1910, aka sake mata kwaskwarima a 1916. Ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, tana ƙarƙashin Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma abin da mutum yake da shi iznin zama ne kawai.

Maganar cewa ba a sayar da gona a ƙasar Kano ba gaskiya ba ce, kuma Polly Hill ta nuna haka a littafinta na 1977 a kan ƙauyukan Kano. Inda mutane suka yi yawa, taki ya shiga gona shekara da shekaru, ana gadonta, ana jinginar da ita, ana sayar da ita tun kafin Bature ya zo. Amma a yi wa dokar adalci. Ita ta hana a yi mana irin ta Kenya, inda aka kwashe ƙasa mai albarka aka ba Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manomin Gaya a gonarsa ya noma gyaɗarsa, ba a gandun wani kamfani ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne, dokar 1910 ba ta taɓa zauren dagaci ba. Gwamna yana da ƙasa a takarda, En'e ke gudanar da ita a aikace. Hasali ma Turawa ƙarfafa tsohon tsarin suka yi, don su ma haraji suke so. Wajen 1907 zuwa 1908 aka tilasta wa hakiman da ke zaune a birni suna aika jakadu su koma gundumominsu. Gaya ba ta buƙaci wannan ba, domin Sarkin Gaya, kamar na Rano da Dutse da Ƙaraye, dama a garinsa yake zaune. Sannan aka shigo da awon taki wajen 1909: malaman taki su bi gona su taka tsawonta da faɗinta, a rubuta sunan mai ita, a yanka mata haraji gwargwadon girmanta. Tsarin ya fi kama ƙasa a gundumomin da ke kewaye da birni, kuma ya sha suka, don malamin taki na iya tsawaita ƙafa ko ya gajarta ta gwargwadon abin da aka sa masa a aljihu. Daga baya haraji ya koma bisa kan magidanta da balagaggun maza. Duk da haka, kowace shekara sai an zauna an sabunta jerin sunaye: wa ya mutu, wa ya tafi ci-rani bai dawo ba, wa ya fita daga gandun ubansa ya kafa nasa, wane baƙo ya sauka. Malamin hakimi yana rubutawa, dagaci yana amsa tambaya, kuma idan lissafi bai cika ba rawaninsa ne a kan layi. Jangali ma haka: ana ƙirga shanu, saboda haka an san rugagen da ke ƙasar da hanyoyin da suke bi.

'Yancin kai bai sauya wannan ba. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ɗauko ta 1916 ta yi, ta cire Gwamna Bature ta sa Minista a Kaduna, ta bar ƙasar karkara a hannun En'e. A 1965 aka ƙara da dokar keɓe wuraren kiwo. Girgizar ta fara ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, lokacin da gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna.

Sai shekarun nan uku. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk Nijeriya, aka rushe abin da ya rage na En'e, aka mai da sarakuna masu ba da shawara. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe ya duba batun ƙasa; mafi rinjayen 'yan kwamitin ba su goyi bayan gwamnati ta karɓe ƙasa ba, amma aka bi ra'ayin 'yan tsiraru. Ranar 29 ga Maris, 1978, aka fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Ga mutanen Kudu wannan juyin juya hali ne, don a can dangi da gidaje ke da ƙasa. Ga Arewa kuwa tsohuwar dokarmu ce aka yi wa sabuwar riga aka shimfiɗa wa kowa. Sabon abu guda da ta kawo mana shi ne wanda ba a cika magana a kai ba: ta raba ƙasa gida biyu, ta birni a hannun gwamna, ta karkara a hannun ƙaramar hukuma, ba ta kuma ambaci hakimi ko dagaci a matsayin mai ba da ƙasa ba. Ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin da zai ba ta shawara kan rabon ƙasa. Aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, tana nan har a na 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Mai karatu ya dubi alƙaluman da ke cikinta ya ga ko da irin su Gaya a zuci aka rubuta ta. Ƙaramar hukuma na iya ba mutum guda har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi gwamna ba. Hekta 5,000 murabba'in kilomita 50 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyu na Ƙaramar Hukumar Gaya gaba ɗayanta. A ina? A ƙasar da magada ke raba gonar uba da igiya, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, har ta kai wani rabonsa kunya 'yan kaɗan ne? Dokar ta ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar mutum don aikin jama'a, ta ba shi wata a madadinta, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Wata gonar daga ina? Sashe na 36 kuma ya hana a yanka gonar karkara fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani, har da tanadin tara ko ɗauri. Da za a bi wannan sashe sau da ƙafa, da gidajen yarin jihar ba su ɗauki masu laifi ba.

Shekara guda da rabi bayan wannan doka, a watan Oktoban 1979, Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Kada a yi mini mummunar fahimta. Wannan alkawari ne da NEPU da Malam Aminu Kano suka shekara kusan talatin suna yi wa talakawa, kuma duk wanda kakansa ya ba shi labarin yadda ake shanya mutum a rana ko a sa shi sayar da akuyarsa ta ƙarshe saboda kuɗin haraji ba zai yi kukan rashinsa ba. Ni ma ba na yi. Amma harajin nan shi ne kaɗai dalilin da ya sa hukuma ke zuwa ƙauye kowace shekara da alƙalami tana tambayar wa ke ina. Da aka soke shi, ba a kafa wani abu da zai ci gaba da wannan tambaya ba. Ko da aka yi yunƙurin dawo da shi a zamanin soja, bai sake kama ƙasa kamar da ba. Ƙaramar hukuma ta koma kallon Legas, daga baya Abuja, don kuɗin wata; gonar Gafasa ko ta Balare ba ta kawo mata ko sisi, saboda haka ba ta da dalilin sanin mai ita. Dagaci ya rage da sanin a kansa, amma ba doka a bayansa, ba kuma wanda zai tuhume shi a kan lissafi. An ba wani mabuɗi, ɗakin kuma yana hannun wani.

Na san akwai masu wasu bayanan, kuma ba na cewa ba su da abin faɗa. Na farko su ne masu ɗora komai a kan Bature da dokar 1910. Amsata ita ce dokar nan ta yi shekara sittin da wani abu tana aiki, burtali bai ɓace ba, hurumi bai ƙare ba. Na biyu masu cewa yawan jama'a ne kawai. Gaskiya ne mutane sun yi yawa, amma ƙasar Kano cike take da mutane tun ƙarni na 19, kuma cikar ce ma ta sa aka ƙware wajen iyaka da shinge da shaidu. Yawan jama'a yana sa gona ta yi tsada. Ba shi ke sa a rasa wanda zai ce wannan hanyar shanu ce, a bar ta. Na uku masu zargin masu unguwanni da dagatai da cin la'ada da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ana yi, ba musu. Sai dai a tambaya: mutumin da aka bar wa aikin shaidar kowane ciniki, albashinsa bai taka kara ya karya ba, ba rajistar da zai shigar da abin da ya sa wa hannu, ba mai zuwa duba ta, me ake tsammani daga gare shi? Na huɗu su ne 'yan yayin yau, masu cewa gwamnoni ne suka danne kuɗin ƙananan hukumomi shi ya sa ba sa aiki. Wannan ya fi sauran ƙarfi, amma littafin rajista da ma'aikaci biyu da babur ba su ne suka fi ƙarfin asusun kowace ƙaramar hukuma ba, ko a shekarun da aka fi matse ta.

Abin da ya biyo baya ƙara nisa ya yi tsakanin hatimin da sanin. A 1991 aka yanke Jigawa, Gaya ta wayi gari a bakin iyaka, gonaki da hanyoyin shanun da ke tafiya Dutse da Jahun suka zama na jiha biyu. A 1996, da ƙananan hukumomin Kano suka kai 44, Ajingi ta sami tata. A 1992 gwamnatin Babangida ta yi dokar tsara birane da yankuna wadda ta tanadi hukumar tsarawa a kowane mataki, har da na ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai, ta ce tsara gari aikin jiha ne, ba na tarayya ba. Jihar Kano kuwa idonta na kan birni tun fil azal. Tsarin Trevallion na 1963 zuwa 1983 na birnin Kano ne. Hukumar tsarawa ta sha canza suna, ta zama KASEPPA a 1990, ta zama KNUPDA ta yau, amma yawancin ƙarfinta a cikin ƙwaryar birni da kewayenta yake ƙarewa. Rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023, na Otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya cika gidajen rediyo makonni. Burtalin da aka cinye a ƙauye ba ya samun ko minti biyar, sai ran da aka zubar da jini a kansa.

A wannan giɓi awon igiya ya yi sarauta. Mai gona a bakin gari ya ga titi ya matso, ya kira dillali da mai igiya, a yanka gonar, a bar lungun da mota ba ta iya juyawa, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba na asibiti, kududdufin da ke shanye ruwan unguwa ma a cike shi da shara a sayar. Gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta haramta awon igiya, ita ce kuma ta fara titunan kilomita biyar a hedikwatar ƙananan hukumomi. Titi kuwa, ko na kilomita biyar ne ko tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta bi ta Wudil da Gaya, shi ke mai da gonar gero fuloti tun kafin a zuba kwalta. Ban ga laifin manomin ba. Ya san idan ya jira gwamnati ta zo da nata awon, kuɗin dawa da na bishiyar ɗorawa za a lissafa masa, alhali dillali kuɗin ƙasa zai ba shi a hannu. Dokar da ta ce ƙasarsa ba ta da farashi ita ce ta koya masa gaggawar sayarwa. A fadamun Ajingi da ke bin kogin da ya gangaro daga Wudil zuwa Haɗeja kuma, noman rani da injin ban-ruwa sun mai da wuraren da shanu ke sauka da rani gonaki, mashaya ta zama abin jayayya.

Sarautar da ke riƙe da sanin ita ma ba a bar ta ta zauna wuri ɗaya ba. Rimi ya ɗaga darajar Sarkin Gaya a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Ganduje ya kafa masarautar Gaya mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, a watan Yulin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku, Gaya da Ajingi da Albasu, Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir yana kan karaga. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan dambarwa, ni ma ina da nawa, amma ta fuskar ƙasa illarta guda ce: duk juyin da aka yi sai an motsa hakimai, sai wanda ake kai wa ƙarar iyakar gona ya canza, wanda ya sha kaye a gaban na jiya kuma ya sake ɗauko maganarsa a gaban na yau.

A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya sha nanata cewa ƙasar Nijeriya da ke da rajista ba ta wuce kashi uku cikin ɗari ba. Kano na cikin jihohi biyu da aka zaɓa don gwajin bi gida-gida ana yi wa filaye rajista, ɗayar ita ce Ondo. Gwajin a birni da gefensa ya tsaya. Sabunta takardun mallaka da gwamnatin jiha ta shiga yi ta hannun hukumar KANGIS ma ya shafi masu satifiket ne, manomin da takardar dagaci ce kaɗai a adakarsa ba ya cikin lissafin.

Maƙwabtanmu na Nijar, Hausawa irinmu masu gado irin namu da rigimar manoma da makiyaya irin tamu, wata hanya suka bi. Dokarsu ta karkara ta 1993 ta amince cewa haƙƙin gargajiya mallaka ce, a ƙarƙashinta kuma aka kafa kwamitocin ƙasa, daga baya har zuwa matakin ƙauye. Mai gari ne shugaban na ƙauye, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata, da magatakarda mai rubutu. Idan an sayar da gona, ko an ba da ita kyauta ko aro ko jingina, a nan ake cike takardar, kwafi ya haura sama. Su ne kuma ke bin burtali suna kafa masa alama. Ba aljanna ba ce. A jihohin Maraɗi da Damagaram akwai kwamitocin da suna kawai suka tara saboda rashin kuɗi. Amma sun sa mai sanin da mai hatimin a tabarma ɗaya.

Dokar 1978 ba ta hana Gaya ko Ajingi yin kusan irin wannan ba. Kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa yana nan a sashe na 2, ba a kuma ce kada dagaci ko ardo ya zauna a cikinsa ba. Tsarin mulki ya riga ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mayanka, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, wanda ba ya yiwuwa sai an san inda titin ya bi da mai gidan. Mazaɓu goma ne a Gaya, goma a Ajingi. Dattawan da suka yi wa hakimai malanta kafin 1979, waɗanda suka san inda kowane burtali ya bi tun ba a cinye shi ba, mafi ƙanƙantarsu yau ya ba shekara sittin baya.